Ranar da Aka Yi wa Mai Takaba Jan Fenti

A garinmu Tourbec, idan aka ambaci sunan Léonce Gaubrel, murmushi iri biyu ake yi. Akwai na alfahari, wanda ake yi wa baƙi masu saukowa daga jirgin ƙasa. Akwai kuma na tausayi, wanda ake yi idan an waiwayo an gan ni.

Gaubrel mai tsara kiɗan fiyano ne. A nan aka haife shi, a nan ya mutu, shekarar da aka haifi mahaifiyarmu. Bai taɓa sa takalma iri ɗaya ba, wai kada ƙafafunsa su haɗa baki su kai shi inda bai yi niyya ba. Ya yi kiwon dinya a ƙarƙashin fiyanonsa. Duk inda za a buga kiɗansa sai an bar kujera ɗaya a gaba babu kowa a kai, ta hazo ce, ko da zai ga damar shigowa. Amma abin da aka fi saninsa da shi, kullum da safe yakan bi bakin tasha yana gaida turakun ƙarfen da ake ɗaure jiragen ruwa. Kowanne ya raɗa masa suna, kowanne ya tsara masa ɗan gajeren kiɗa. Akwai Alƙali, mai ƙaton kai. Akwai Mai Kunne Ɗaya, wanda wani jirgin gawayi ya ɓalle wa gefe. Akwai Tagwaye, da suke tsaye kusa da juna kamar masu gulma. Can ƙarshe kuma, inda dutse ya ƙare teku ta fara, akwai Mai Takaba, baƙa wuluk, ta ɗan sunkuya wajen ruwa kamar tana jiran wanda ba zai dawo ba.

Kakata mai gyaran taru ce, ta gan shi da idonta tana budurwa. Ita ta ba ni labari ina ƙarami. Na ce mata, to me ya sa yake gaida ƙarfe? Ta ce, "Su ke riƙe jirgin ubanka dare da rana, iska ta ja, ruwa ya ja, ba su saki ba. Ka taɓa jin wani ya ce musu sannu?"

Washegari na fara, ban kuma daina ba. Makaranta ce na daina, don malamin ya ce kaina yana wajen taga, ya kamata in bi shi. Na yi aikin cafe igiya a tasha har ƙarfina ya ƙare. Abin da teku ta tofo kuwa ni ke tsincewa, ɗakina cike yake: kan 'yar tsana mai ido ɗaya, duwatsu masu huji, safar hannu ta hagu zalla, da wani cokali da ya lanƙwashe kamar yana jin kunya. Yaran gari suna kirana Sannu-Ƙarfe. Waɗanda suka fara kirana haka yanzu jikoki gare su, jikokin ma sun gada.

Wannan bai taɓa hana ni barci ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai tun ƙuruciya, shi ne Yaya Eulalie.

Ranar aurenta da Armand, akawun ofishin lauya, ayarin biki ya biyo ta bakin tasha. Ni kuwa da muka zo daidai Alƙali na cire hula na rusuna, don ban iya wuce shi haka ba. Dangin ango suka kwashe da dariya. Tun daga ranar Yaya ba ta sake tafiya gefen titi ɗaya da ni ba. Bayan rasuwar Armand ta ɗauko ni na dawo gidanta, tana dafa mini, tana wanke mini, tana yi mini faɗa kan laka. Amma da mun fito ƙofa sai ta tsallaka. Idan wani ya ce, "Ga ƙanenki can," sai ta duƙar da kai ta shiga neman wani abu a jaka. Ban taɓa son komai a duniya ba kamar in ga ranar da za a nuna ni a gabanta, ta bar kanta a sama.

To, sai ga shekara ɗari da mutuwar Gaubrel. Magajin garinmu, Octave, wanda ke da shagon kayan ƙarfe, ya ce za a yi mako guda ana kiɗa: a coci, a makaranta, a kasuwar kifi. Ranar rufewa kuma a tsohon rumbun gishiri, za a buga kiɗan turaku da fiyano, ana haska majigi a bango. Aka ɗauko wata mai aikin bidiyo daga Paris, Ninon, siririya mai gajeren gashi, tana yawo cikin rigar ruwa ta maza.

Wata safiya ina gaida Mai Takaba sai na ji murya a bayana.

"Baba, me kake gaya masa?"

"Ita ce, ba shi ba."

"Yi haƙuri. Me kake gaya mata?"

"Na ce ta kwana lafiya? Na ce jiya ma bai zo ba, amma ruwa ya kwanta, wataƙila yau."

Ta daɗe tana kallona. Ta kalli hulata da gishiri ya cinye, ta kalli gemuna, ta kalli rigar saƙin da gwiwar hannunta ta huje. Sai ta bi ni a baya muka sake zagayen tun daga farko. Ta ga yadda nake rusuna wa Alƙali in dafa kansa, yadda nake yi wa Mai Kunne Ɗaya magana ta gefen da yake ji, yadda nake ratsawa tsakanin Tagwaye a karkace don kada ɗaya ya ce na fifita ɗaya.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Kakata ta gaya mini sunayen. Sauran su suka koya mini."

"Baba Firmin," in ji ta, don ta riga ta tambayi sunana, "na zo da niyyar ɗaukar tsatsa da ruwa kawai. Yanzu kai nake so. Zan koma in haɗo kayan aiki. Amma don Allah kada ka canja komai. Ko maɓallin nan da ya ɓalle kada a mayar."

Haka ta gaya wa Octave ma, a gabana, har da haɗa hannuwa. Ta ce kada a taɓa komai a tasha, kada kowa ya wahalar da kansa. Octave ya ce to, to, yana gyaɗa kai yana murmushi.

A nan ne ƙaddara ta shigo. Mu a Tourbec, idan baƙo ya ce kada a wahala saboda shi, to ya ce a yanka agwagwa ke nan. Idan ya ce ba ya jin yunwa, sai a ƙara masa cuku. Babu wanda ya ɗauka da gaske take. Kowa ya ce yarinyar tana da tarbiyya.

"Ku ji mini," in ji Berthe mai sayar da kifi, ta riƙe ƙugu a bakin teburinta. "Za a haska mu 'yan Paris su gani, da tsatsa da kashin tsuntsu? Su koma su ce a juji muke kwana? Ba da ni ba."

"Ai ke ko an yi miki fenti sai an gane ki, Berthe," in ji wani masunci.

"Kai kuwa ko an jiƙa ka a turare sai kyanwa ta biyo ka. Kawo guga!"

Aka wanke duwatsun tasha da burushi. Aka jera tukwanen furanni. Fentin kuwa ruwan sama ya yi ta hana shi, sai jajibirin dawowar Ninon sararin sama ya buɗe. Kowane gidan masunta ya fito da ragowar fentin jirginsa ya shafa wa turken da yake ɗaurewa. Ban gani ba, don ranar Yaya ta kama ni.

Ta kai ni gidan aski da kanta, ita a wancan gefen titi, ni a wannan. Ta tsaya a kan wanzamin har sai da ya kwashe gemun tas. Da muka dawo gida ta hau kujera ta sauko da wani kwali daga saman kabad, ta buɗe. Warin kafur ya cika ɗakin. Kwat ɗin Armand ce, mai ruwan toka, wadda ya sa ranar aurensu. Tun rasuwarsa ba ta bari kowa ya taɓa ta ba. Sau ɗaya a shekara take fito da ita ta sha iska, ta goge, ta mayar.

"Yaya, yarinyar ta ce kada in canja komai."

"Yarinyar ba ita za ta zauna a garin nan bayan an gama ba. Ɗaga hannu."

"Ko maɓalli ta ce..."

"Firmin, in dai za a haska ka a bango ƙato kamar gida, ba za ka fito mini kamar mutum-mutumin gona ba. Sau ɗaya a rayuwarka ka yi kama da mutane. Juyo in gani."

Na juya. Ta gyara mini wuyan kwat ɗin. Ta sayo mini sababbin takalma, ta ba ni malafar Armand, tawa hular kuwa ta ɓoye. Da na so in yi gardama, amma wannan ne karo na farko da Yaya ta sa hannu a cikin sha'anina da turaku, ko da ta bayan gida ne. Sai na haɗiye maganata.

Da safe gari duk ya hallara a tasha, kowa cikin kayan Lahadi. Na iso takalmana suna kuka, ƙiƙi-ƙiƙi, kamar na taka 'yan tsaki. Da na ɗaga ido sai na ga turakun. Alƙali ya zama ruwan ƙwai. Mai Kunne Ɗaya kore shar. Tagwaye ɗaya shuɗi ɗaya fari. Can ƙarshe kuwa, Mai Takaba, ja wur, kamar za ta gidan rawa.

Motar Ninon ta tsaya. Ta fito da akwatunanta, ta yi taku kaɗan, ta tsaya cik.

"Me kuka yi?"

Octave ya buɗe hannuwa, fuskarsa kamar gonar auduga. "Ɗan abin da ya samu ne, 'yata. Ba yawa."

"Na ce kada a taɓa komai."

"Kin ce, kin ce. Mun kuma gode."

"Yallaɓai, da gaske nake! Tsatsar nake so. Shekara ɗari tana taruwa, kun shafe ta a yini ɗaya." Ta waiga hagu da dama. "Ina Baba Firmin?"

"Ga ni," na ce. Ina tsaye dab da ita.

Ta kalle ni daga malafa har takalmi. Sai ta zauna a kan akwatinta ta dafe kai. Berthe, wadda bakinta ba ya hutawa ko a coci, ta koma murza gefen rigarta ta aiki.

Can Ninon ta ɗago ta ce ba laifin kowa ba ne. Ta ce akwai wata tsohuwar tasha a gaba, wajen Le Havre, da aka daina amfani da ita, turakunta suna nan da tsatsarsu. Za ta je can ta ɗauka, ta nemi wani ɗan wasa mai gemu ya yi tafiyar. Za a haska a rumbun gishirinmu yadda aka shirya, ba wanda zai gane. Ta tashi ta fara mayar da akwatuna cikin mota.

Ni dai na tsaya ina kallon turakun. Ba maganar majigi nake tunani ba a lokacin, wannan ta riga ta wuce, na ga ta wuce. Abin da na gani shi ne sun yi tsuru-tsuru. Sun kwana sun tashi ba su gane kansu ba, ga jama'a ta taru a kansu, kuma babu wanda ya ce musu ko ina kwana. Na shafa haɓata, na ji ta sumul kamar ta wani. Na ce a raina, ai ni na san yadda kuke ji.

Sai na taka. Ƙiƙi-ƙiƙi.

"Firmin, ɗanye ne!" Octave ya ɗaga murya. "Bai bushe ba!"

Na sani. Fentin jirgi ba ya bushewa da wuri a iskar teku, yaro ma ya san haka. Na kuma san kwat ɗin wa ke jikina. Na tsaya gaban Alƙali, na cire malafa, na rusuna. Na yi niyyar in tsaya a nan, in gaida shi daga nesa kamar baƙo. Amma ban taɓa gaida shi ban dafa kansa ba. In na fasa yau, ranar da ya fi bukata, zai ce ni ma ban gane shi ba.

Na dafa. Na ce, "Ranka ya daɗe, na gane ka. Ni ne Firmin, ni ma haka aka yi mini."

Da na ɗaga hannu, tafina ya fito raɗau a kansa, baƙin ƙarfe yana leƙowa ta ƙarƙashi. Na mayar da malafa, ta sami rabonta na ruwan ƙwai. Na wuce wajen Mai Kunne Ɗaya, na duƙa ta gefen da yake ji, kafaɗata ta goge shi. Na zo Tagwaye. Nan na ɗan tsaya, don na san abin da zai faru. Na ce, Armand, ka yafe mini, kai ma mutum ne mai son a yi abu bisa ƙa'ida. Na ratsa a karkace. Gabana ya zama shuɗi, bayana fari.

Ban ji motsin kowa ba sai kukan takalmana da na tsuntsayen teku. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya har na kai ƙarshe. Na durƙusa gaban Mai Takaba. Sai na ciro hankicin Armand daga aljihun ƙirji na shiga goge mata fuska. Na goge, na goge, har baƙinta ya fara dawowa ta gefen da take kallon ruwa. Na ce, "Yi haƙuri. Ba da mugunta suka yi ba. So ne ya yi musu yawa."

Sai na ji an fizgi hannuna. Yaya ce, da kwalbar kananzir da tsumma. Ban san lokacin da ta je gida ta dawo ba. Ta durƙusa a kan dutse, ita da ke kukan gwiwa, ta kama tafina tana dirza yatsa bayan yatsa, tana faɗa ƙasa-ƙasa.

"Sakarai. Tsohon banza. Kwat ɗin da ko ƙura ban bari ta hau ba. Buɗe hannun! Ka girma ka tsufa ba ka yi hankali ba. Kawo ɗayan."

Da na ɗaga kai sai na ga Ninon a tsaye can gefe, kyamara a kafaɗa, tana ɗaukar hoto. Ashe tun daga Alƙali take bina. Ba ta je Le Havre ba.

Daga ranar Yaya ta daina yi mini magana. Takan ajiye mini miya da burodi ta juya. Kwat ɗin ta rataye ta a bayan ƙofar kicin, ba ta wanke ba, ba ta jefar ba, duk wanda zai ɗauki gishiri sai ya gan ta. Faɗan da na saba ji kan laka ma na neme shi na rasa. Na gwada shigowa da takalmi har tsakar ɗaki, ta ɗauko tsumma ta goge ba ta ce kanzil ba. Wannan ya fi zagi ciwo.

Makon kiɗa ya zo. Baƙi suka cika gari har masaukin tashar jirgin ƙasa ya rasa gado. Na je kiɗan coci, na je na kasuwar kifi, inda aka buga goge tsakanin teburan ƙanƙara, Berthe tana share hawaye tana cewa albasa ce. Ranar Lahadi da safe na tsaya a ƙofar kicin na ce, "Yaya, yau ne. Bayan abincin rana."

Ta ci gaba da fere dankali. "In je in ga ana yi mana dariya a bango? Wadda aka yi a ƙasa ba ta isa ba?"

Ita ce maganarta ta farko, kuma ba ta ƙara ba.

An toshe tagogin rumbun gishiri da tsofaffin filafilan jirgi, ciki ya yi duhu da rana tsaka. Aka zaunar da ni a layin gaba, cikin tsohuwar rigata ta saƙi, kusa da kujerar hazo. Wuri ya cika maƙil har da na tsaye. Na yi ta waiwaye har wuyana ya ƙage. Ban gan ta ba.

Makaɗin fiyanon wani ƙato ne mai suna Gaspard, hannuwansa ƙanana kamar na mace. Ya zauna, aka kashe fitila, bango ya haskaka.

Ban san yadda zan kwatanta kiɗan Gaubrel ga wanda bai ji ba. Ba ya sauri, ba ya nuna gwaninta. Kamar ɗigon ruwa ne daga indararo bayan an ɗauke: ɗaya, ɗaya, sai ya yi shiru har ka ce ya ƙare, sai ga wani. Wani lokaci ya taho kamar mutum mai tafiya, ya tsaya kamar ya tuna ya bar wani abu a gida, ya fasa komawa, ya ci gaba.

Sai ga ni a bango, tsawona ya kai rufi. Ninon ta bar kukan takalman, Gaspard kuma yana jiran kowane ƙiƙi kafin ya sa yatsa, kamar su biyu suke kiɗan. Rumbu ya ɗauki dariya. Da na ratsa Tagwaye na fito rabi shuɗi rabi fari, wani ya buga ƙafa a ƙasa don daɗi. Na nutse a kujera. Na ce gara da ba ta zo ba.

Amma da aka kai Mai Takaba, kiɗan ya sauka ƙasa, ya yi nauyi. Ninon ta matso da hoton har ba a ganin komai sai hannu da hankici, da jan fenti yana gushewa, baƙi yana fitowa. Ban taɓa ganin hannuna haka ba. Ashe duk igiyoyin da na cafe suna nan rubuce a jikinsa. Dariya ta mutu. Na ji wani masunci a bayana yana jan hanci.

Sai ga wani hannun ya shigo hoton ya kama nawa. Ga Yaya, durƙushe, furfurarta tana tashi a iska, bakinta yana motsi. Ninon ta cire muryar. Ba a jin sakarai, ba a jin tsohon banza. Abin da ake gani kawai tsohuwa tana goge wa tsoho yatsu ɗaya bayan ɗaya, kamar yaron da ya dawo daga wasan taɓo.

Daidai nan kiɗan ya yi irin shirun nan nasa. Cikin shirun wata baƙuwa mai ƙamshin turare, a layi na uku ko na huɗu, ta ce wa mijinta, da muryar da ta ɗauka raɗa ce, "A ina suka samo ɗan wasan nan? Gwani ne. Sai ka rantse mahaukacin gaske ne."

"Baiwar Allah."

Daga bakin ƙofa muryar ta fito. Ko cikin kabari na san ta.

"Ba ɗan wasa ba ne, ba kuma mahaukaci ba ne. Ƙanena ne, Firmin. Uwa ɗaya uba ɗaya. Kwat ɗin kuma ta mijina ce, yadi ne mai kyau, ba a yin irinsa yanzu."

Kowa ya waiwaya. Gaspard ya tsaya da hannu a sama. Yaya tana tsaye cikin baƙar rigarta ta coci, jaka a hannu, a rufe. Kanta a sama yake. Ta ratso tsakiyar mutane, suna matsa mata, har ta iso gaba. Ta duba hagu ta duba dama, kujera ɗaya ce babu kowa. Ta zauna.

Octave ya miƙo wuya, "Eulalie, wannan ai ta..."

"Bar ta, Octave," in ji Berthe daga baya. "Yau rana ake yi, mai kujerar ba zai zo ba."

Aka yi dariya, amma wata iri ce, ba irin wadda na saba ji ba. Gaspard ya sauke hannunsa ya ƙarasa kiɗan. Da aka kunna fitila mutane suka miƙe suna tafi. Ninon ta zo ta ja ni in tsaya. Na tsaya, na rasa yadda zan yi da hannuwana, sai na cire hula na rusuna musu yadda nake yi wa Alƙali. Masuntan layin baya suka cire nasu.

Da muka fito rana ba ta faɗi ba tukuna. Na sauka daga matakala na jira Yaya ta tsallaka, in bi nawa gefen. Ba ta tsallaka ba. Ta saƙala hannunta a nawa ta ce gwiwarta ce ke damunta, kada in ɗauka wani abu ne. Muka biyo ta bakin tasha. Tafina yana nan a kan Alƙali, fenti ya bushe da shi. Octave ya so a sake shafawa, masunta suka ce wanda ya taɓa shi zai sha ruwan tasha.

Muka yi ta tafiya a hankali har dutse ya ƙare. Yaya ta tsaya.

"Wannan ce?"

"Ita ce."

"Wa take jira?"

"Ba ta taɓa faɗa mini ba."

Ta daɗe tana kallonta, rabi ja rabi baƙa, ta sunkuya wajen ruwa. Sannan ta ce, "Kada ka sa rai zan yi wa ƙarfe magana."

"Ban ce ba, Yaya."

"Amma wannan jan bai dace da ita ba. Wane marar tunani ne ya zaɓa?" Ta gyara jakarta a hannu. "Akwai sauran kananzir a gida. Gobe ka tashe ni in za ka fito. Kai ba ka iya goge abu ya fita ba."